Daga Lambobi Zuwa Murya: Yadda Wani Mai Gyara a Jega Ya Haɗa Lasifikar Bluetooth da Amfilifaya

Asalin lamarin

Mai wannan aiki matashi ne da bai kai shekara 25 ba, yana da teburin gyaran wayar hannu da rediyo a bakin kasuwar Jega, jihar Kebbi. Ya taɓa zama a hannuna yana koyon aikin lantarki, shi ya sa na bi lamarin tun farkonsa. Awon da zan kawo a nan daga ƙaramin littafin da muke rubuta abin da mita ta nuna na ɗauko su.

A ƙarshen Disamba wata malama mai makarantar Islamiyya ta matan aure da 'yan mata a unguwarsu ta nemi ya haɗa mata lasifika. Tana kunna karatun Alƙur'ani daga wayarta, ɗalibai su saurara su maimaita, ɗakin kuma yana ɗaukar mutum kusan 60. Ta riga ta gwada ƙananan lasifikun kasuwa guda biyu. Na bayan ɗaki ba sa ji, batirinsu kuma ba ya kai azahar. Wuta ba abin dogaro ba ce a unguwar, amma makarantar na da faifan sola da batir mai bolt 12. Ta ce tana son aikin kafin bikin sauka a ƙarshen Fabrairu.

Kayan da ya tara su ne allon ESP32 na kamfanin Espressif, wanda zai karɓi sauti daga waya ta Bluetooth, da allon amfilifaya mai aisin TPA3116D2, da lasifiku biyu masu inci 6 da rabi, om 4 kowacce, da ya cire daga wata tsohuwar mota. Akwatin katako kafinta ya yi masa. Wani abokinsa mai karatun kwamfuta ya loda masa manhajar da ke mayar da ESP32 lasifika a idon waya. A nan ya yi dace ɗaya: allonsa ESP32 na asali ne. Ƙannensa irin su S3 da C3 ba su da nau'in Bluetooth da waya ke aiko da kiɗa ko karatu ta cikinsa, da su ya saya da aikin bai ko tashi ba.

Makon farko na Janairu: haɗi kai tsaye

Waya ta ga allon, ta haɗu da shi, ta nuna karatu na tafiya. Sai ya duba zanen da abokinsa ya turo masa, ya ga ƙafafu uku da aka ce sauti na fita ta nan. Ya ɗauki wadda aka rubuta wa DATA, ya kai ta mashigar amfilifaya, ya haɗa nagatib da nagatib, kamar yadda ya saba yi da kan kaset ko fitar rediyo.

Abin da ya fito ƙara ce mai kaifi, kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Babu murya ko kaɗan. Ya sauya kebul, ya sauya mashiga daga hagu zuwa dama, ya sa kafasita a tsakani. Ƙarar ta ɗan sauya launi, ba ta zama magana ba. A rana ta uku ya kira ni.

"Malam, wagga amfilifaya ta lalace, sun sayar man da matatta."

Na ce ya cire ESP32 gaba ɗaya, ya jona wata tsohuwar waya mai ramin abin kunne kai tsaye da amfilifayar. Karatu ya fito tas, har mai shayin da ke gefensa ya waiwayo. Amfilifaya lafiyarta ƙalau.

Abin da ke fita daga ƙafafun nan uku ana kiransa I2S, tsari ne da kamfanin Philips ya fitar a 1986 don aisi ya riƙa miƙa wa aisi sauti a cikin na'ura ɗaya. Ba igiyar murya ce ke tafiya a cikinsa ba, lissafinta ne. Ana auna tsayin igiyar sautin sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, kowane awo a rubuta shi da bit 16, na kunnen hagu daban, na dama daban. Ƙafar DATA ita ke ɗauke da lambobin, ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar BCK agogo ce, kowane bugu nata na cewa ga bit na gaba. Ƙafar LRCK kuma ita ke faɗin wannan na hagu ne ko na dama. In ka ninka 44,100 da 16 da 2, za ka samu bugu 1,411,200 a daƙiƙa, alhali kunnen ɗan Adam bai wuce 20,000 ba.

Na kwatanta masa da dillalin albasa a Aliero. In ya aiko maka da takarda an rubuta buhu 40, takardar gaskiya ce, amma ba za ka yanka ta a miya ba. Sai wani ya karanta, ya je ya ɗauko buhunan. TPA3116D2 ba ta iya karatu ba. Duk abin da aka ba ta ƙara masa ƙarfi kawai take yi, kuma a makon nan lambobi ta yi ta ƙara wa ƙarfi. Mai karanta takardar shi ne aisin da ake rubuta wa DAC, wanda ni nake kira tafinta, domin aikinsa mayar da lambobi igiyar lantarki mai hawa da sauka.

Mako na biyu: tafintan cikin gida

ESP32 na asali yana da ɗan ƙaramin tafinta a cikinsa, a ƙafa ta 25 da ta 26. Tunda ba sai an sayi komai ba, abokinsa ya gyara manhajar ta koma amfani da shi. Mita ta nuna kusan bolt 1.6 a tsaye a kan ƙafafun ko babu sauti, don haka aka sa kafasita mai maikurofarad 10 a kowane layi don ta tare shi.

Murya ta fito a karon farko. Ya ɗauki kayan a kwali ya kai wa malama ta ji. Ta saurari shafi guda, ta sa aka maimaita wata aya sau uku, sannan ta ce:

"Ɗana, murya ta hito, amma gunna ba ta hita. In mai karatu ya sassauta, shuuu ɗin nan ka rufe shi."

Kunnenta bai yi kuskure ba. Tafintan ciki bit 8 ne, matakai 256 ke nan tsakanin ƙasa da sama, alhali wayar na aiko da bit 16, matakai 65,536. In murya na da ƙarfi, ba a cika lura ba. In mai karatu ya ja maddi yana sassautawa, ko ya riƙe gunna a hanci, igiyar ba ta wuce 'yan matakai kaɗan, sai ta koma kamar tsani mai manyan takai, kunne kuma ya ji ta da hayaniya. Ga mai sauraron wa'azi ko labarai wataƙila a haƙura. Ga ɗalibar da ke koyon bambanta harafi da harafi, abin da aka zo nema shi ne ya ɓace. Ya ƙara kafasita don tace hayaniyar, sai muryar ta dushe, sin da shin suka kusa zama ɗaya. Aka bar wannan hanya.

Ƙarshen Janairu: tafinta ya iso, amma shiru

Ya yi odar ƙaramin allon PCM5102A, aisin Texas Instruments, daga wani mai sayar da kayan lantarki a Kano. Kwana 9 kafin direba ya sauke shi a tasha. Allo ne da bai kai tsawon babban yatsa ba, mai ƙafafu VIN, GND, LCK, DIN, BCK da SCK a jere, da ramin abin kunne a ɗaya gefen. Aka mayar da manhajar farko. Ya haɗa yadda zanen ya nuna, ya kunna. Ko tari.

Kwana uku ya yi a kansa shi kaɗai. Ya sauya wayoyin haɗi, ya mayar da wutar allon daga bolt 5 zuwa 3.3, ya sake loda manhaja, ya sake narka dalmar duk ƙafafun, sau da yawa biyu ko uku a lokaci guda. A rana ta biyu sauti ya ɗan leƙo na daƙiƙa biyu a karkace ya koma, kuma bai iya tuna me ya taɓa kafin hakan ba. Ga hunturu, ƙura na sauka a kan tebur, yana goge allon da tsohon buroshin haƙori yana zargin ita ce.

Ranar da na je, na tambaye shi, "Mi mita tac ce maka?" Bai ɗora ta a ko ƙafa ɗaya ba, don a ganinsa mita ba ta auna lambobi. Tana aunawa, ta wata fuska. Agogon da ke hawa bolt 3.3 ya sauka sifili, rabi da rabi, mita na ganinsa kusan bolt 1.6 a tsaye. Layin lambobi kuwa yana rawa da sauti, kuma in aka sauke ƙarar waya zuwa sifili karatu na tafiya, ya kamata ya faɗi ƙasa. Muka auna a haka:

Ƙafa ta 26 ta ba da bolt 1.6. Wannan BCK ce, kuma tana inda ya kamata.

Ƙafa ta 25, wadda zanen ya ce DATA ce, ta ba da bolt 1.6 ba ta motsi. Muka juya mita zuwa awon bugu, ta nuna 44,100.

Ƙafa ta 22, wadda zanen ya ce LRCK ce, ta ba da sifili. Da aka ɗaga ƙarar waya sai ta fara rawa.

Zanen daga wani wuri yake, manhajar daga wani wuri, kuma sun saɓa a kan ƙafafu biyu. A manhajarsa 25 ce LRCK, 22 ce DATA. Wannan ya kuma nuna cewa abin da ya cusa wa amfilifaya a makon farko ma ba layin lambobin ba ne kaɗai ya gwada, har agogon ya shiga ciki. Muka musanya wayoyin biyu. Har yanzu shiru.

Muka juya allon. A bayansa akwai gurabe huɗu da ake haɗewa da ɗigon dalma, kowanne da gefen H da gefen L, kuma nasa duk a buɗe suka zo. Na 3 shi ne XSMT, makunnin bebantar da aisin. In ba a kai shi H ba, aisin na iya karɓar komai daidai ya ƙi furta komai. Na 4 shi ne FMT, L ke nufin tsarin I2S. Na 1 da na 2 su ma L. Ya ɗiga dalma huɗu.

Sauti ya zo, amma yana yankewa. In ya kai yatsa kusa da allon sai ya ɗauke, in ya janye wani lokaci ya dawo. Saura ƙafar SCK, wadda ya bari a sake don zanen bai nuna ta ba. Mashigar babban agogo ce. PCM5102A na iya ƙirƙirar wannan agogo da kansa daga BCK, amma sai ya ga SCK a kwance a nagatib. In an bar ta tana lilo, duk wata hayaniyar iska da ta ɗauka sai aisin ya zaci agogo ne ya bi ta. Ɗan guntun waya daga SCK zuwa GND, yankewa ta tsaya. Muka saurara da abin kunne, gunnar da malama ke nema na nan, bayanta kuma tsit.

Duk wannan awa ɗaya da 'yan mintoci ya ɗauka.

Farkon Fabrairu: sauti ya yi wa amfilifaya yawa

Da aka kai fitar tafinta ga amfilifaya, sai wata ta taso. Da an ɗan murɗa maɓallin ƙara, murya ta tsage. Tazarar da ke tsakanin ba a ji da ta fashe ba ta kai faɗin farce ba.

Lissafi ya bayyana dalili. PCM5102A na fitar da har bolt 2.1. TPA3116D2 na da matakan ninki huɗu, desibel 20, 26, 32 da 36, resistoci biyu ke zaɓa. A allonsa mun ga mai om 39,000 da mai om 100,000, wato desibel 32, ninki 40. Da batir mai bolt 12, iyakar abin da za ta iya miƙa wa lasifika ba tare da ta yanke kan igiya ba kusan bolt 8.5 ne, wat 18 ke nan a kan om 4. Wat 50 da aka rubuta a jikin allon sai an ba ta bolt 21. In ka raba 8.5 da 40, bolt 0.21 ya ishe ta. Tafinta na ba ta ninki goma na abin da take iya haɗiya.

Ya sa resistoci biyu a kowane layi, mai om 10,000 a kan hanya, mai om 1,000 daga bayanta zuwa nagatib. Wannan na rage sauti zuwa kashi ɗaya cikin 11, kusan bolt 0.19. Maɓalli ya samu filin juyawa daga farko har ƙarshe.

Tsakiyar Fabrairu: cikin akwati

Ranar da ya shigar da kaya akwati, don rage wayoyi ya haɗe nagatib ɗin lasifikun biyu da waya ɗaya, irin na tsofaffin rediyo. Amfilifaya ta yi ƙyas ta ɗauke. A wannan aisin, ƙafar lasifika mai alamar ragi ba nagatib ɗin batir ba ce, ita ma tura wuta take yi. Kariyar cikin aisin ce ta hana shi ƙonewa. Ya ba kowace lasifika wayoyinta biyu, ta dawo.

Babbar matsalar ita ce ta gaba. A kan tebur, ESP32 daga fawa bankin waya yake cin wuta, amfilifaya daga batir. A cikin akwati dole su ci daga batir ɗaya, don haka ya sa allon LM2596 ya sauke bolt 12 zuwa 5. Da ya kunna, sai ga tsuwwa siririya tare da wani tik-tik-tik mai sauri, wanda ke ƙaruwa da zarar waya ta haɗu. Ko an tsayar da karatu tana nan.

Ya sa kafasita mai maikurofarad 1,000 a fitar LM2596, tsuwwar ta ɗan ragu, tik-tik bai motsa ba. Ya naɗe kebul ɗin sauti da takardar sigari mai ƙyalli, babu bambanci. Ya sayi sabon kebul mai raga, babu bambanci. Wannan karon ya rubuta kowane gwaji kafin ya wuce na gaba, kuma da kansa ya yi gwajin da ya raba gardama: ya cire LM2596, ya mayar da fawa banki, bai taɓa komai ba bayan wannan. Shiru. Ya mayar da LM2596, ƙara ta dawo.

Wutar da ESP32 ya ci dole ta koma batir. Da fawa banki hanya ɗaya gare ta. Da batir ɗaya kuwa hanya biyu ta samu, ɗaya ta nagatib ɗin LM2596, ɗaya ta nagatib ɗin kebul ɗin sauti, ta ratsa amfilifaya. Mai noman rani a fadama ya san haka, ruwa in ya ga kwalbati biyu duka yake bi. Rediyon Bluetooth kuma ba ya shan wuta a jere, fizga yake yi. Kowace fizga na barin 'yan milibolt a kan nagatib ɗin kebul, amfilifaya ba ta san ba murya ba ce, ta ninka su 40. Milibolt 5 ya zama bolt 0.2 a kan lasifika, kunne na jin wannan sarai a ɗaki mai shiru.

Gyara biyu aka yi. Na farko, resistocin rage sauti da ya liƙa a jikin tafinta an mayar da su bakin amfilifaya, ƙaramar ta kwanta a nagatib ɗin amfilifayar. Da haka suka riƙa rage ƙarar tare da sautin, ta yi ƙasa sosai amma ba ta mutu ba. Na biyu, an datse hanya ta biyun da ɗan aisin B0505S, wanda ke karɓar bolt 5 ya ba da bolt 5 ba tare da nagatib ɗin ɓangarorin biyu sun taɓa juna ba. Wanda ya fara samu mai wat 1 ne, miliamfiya 200. Ƙara ta ɗauke gaba ɗaya, amma da waya ta zo haɗuwa sai ESP32 ya mutu ya sake tashi, wani lokaci sau biyu a jere. Espressif na ba da shawarar a tanadar wa allon miliamfiya 500. Aka sake jiran mota daga Kano, kwana 6, mai wat 2 ya iso, miliamfiya 400, aka haɗa shi da kafasita mai maikurofarad 220 dab da ESP32. Mun bar shi awa 5 a kunne, muna haɗa waya muna cirewa, bai sake mutuwa ba. A ranar ya kuma gajarta wayoyin I2S uku daga santimita 25 zuwa 6, ya nesanta su daga wayoyin lasifika.

Ranar sauka

An kai akwatin kwana 4 kafin biki. Malama ta zauna a layin ƙarshe, ta sa wata ɗaliba ta kunna ayar nan da ta sa aka maimaita a Janairu. Ta ji sau ɗaya ta ce, "Madalla, Allah shi yi albarka." Ranar bikin an yi amfani da shi awa 4 a tsakar gida a kan ƙaramin batir mai amfiya 7 da aka sa a cikin akwatin. Mita ta nuna bolt 12.7 da safe, 12.3 bayan an tashi. Waya na riƙe haɗi har kusan taku 10 in babu bango a tsakani.

Yadda nake kallon lamarin

Matsaloli uku ne mabambanta, amma duk da sunan ƙara suka zo masa, shi ya sa ya yi ta ba su magani ɗaya, wato kebul da kafasita. Ta farko rashin tafinta ce, ta biyu yawan sauti, ta uku hanyar komawar wuta. Ilimin da ya kawo daga gyaran rediyo ya yi masa aiki daga fitar tafinta zuwa gaba, amma a bayan tafinta ya ɓatar da shi, domin a can waya uku ba sa nufin hagu da dama da nagatib. Kwanakin da suka fi salwanta su ne ukun nan na ƙarshen Janairu, inda kurakurai uku ke kwance a kan juna. Ko ya gyara ɗaya bisa dace, sauran biyun za su ci gaba da rufe masa baki, ba zai san ya yi daidai ba. Mitar da ta warware su tana cikin aljihun teburinsa duk tsawon lokacin.

Game da zaɓin kaya, ra'ayina rabe yake. Da Bluetooth kaɗai ake so, ƙaramin allon karɓa mai fitar da sautin analog kai tsaye zai tsallake duk wahalar I2S, ko da yake ba zai tsallake tsuwwar batir ɗaya ba. Da kuma ɗakin ƙarami ne, aisin MAX98357A ya haɗa tafinta da amfilifaya wuri guda, wayoyin I2S uku su shiga, lasifika ta fita, babu kebul ɗin analog da ƙara za ta bi. Amma wat 3.2 yake bayarwa a kan om 4 da bolt 5, ba zai kai bayan ɗakin mutum 60 ba. Ga wannan makaranta, PCM5102A a gaban TPA3116D2 shi ne daidai, kuma ESP32 ya bar ƙofa a buɗe, domin malama ta riga ta tambaya ko za a iya sa katin ajiya a riƙa kunna karatu ba sai da wayarta ba.

Abu biyu ba su ƙare ba. In an kashe makunni, lasifika na yin tas sau ɗaya. Shirinsa shi ne ya cire ɗigon dalmar XSMT, ya kai ƙafar ga ESP32 don manhaja ta bebantar da tafinta in babu karatu, ya kuma sa makunni na biyu a ƙafar bebantar da amfilifaya, a riƙa danna shi kafin a yanke wuta. Na biyun zafi ne. Akwatin a rufe yake ruf, an gwada shi cikin sanyin hunturu, Afrilun Kebbi kuma na haura digiri 40. Mun yi da kafinta zai raba ɗakin alluna da na lasifiku da katako, ya huda ramuka shida a bayan na allunan, a rufe su da ragar sauro saboda ƙura.